Ranar da Baffa Onditi Ya Kamo Jirgin Wasiƙa

Ku matso in ba ku labari, amma don Allah kar wanda ya ce mini "a hankali, Akumu." Ba na iya a hankali. Malam Yakobo na makarantar coci ya yi shekara biyu yana faɗa mini haka, ya gaji ya bari.

Abin ya fara ne ranar Asabar ɗin da na karanta wa Mama ta'aziyyar mutuwarta.

Wata huɗu kenan da karatu ya zauna mini a kai, kuma tun daga lokacin ba abin da ya tsira. Gwangwanin kananzir na karanta, buhun gishiri na karanta, bayan mota ma in ta tsaya sai na karanta. To da ɗan saƙon mai gari ya kawo shuɗiyar takarda daga Yaya Odera, wanda ke sansanin soja can Habasha, sai na fizge kafin Baffa Onditi ya gama goge hannu. Da can shi ke karanta wa duk ƙauyen wasiƙa, shi ke rubutawa. Ƙanin marigayi babanmu ne, ya yi wata bakwai a soja, ya dawo da hular kwano da usur, ya ce daga ranar a riƙa ce masa Kofur.

Mama na tuƙa tuwon dawa, na fara da ƙarfi:

"Zuwa ga Baffana da ƙanwata Akumu. Na samu labarin rasuwar Mama. Kwana uku ban sa komai a bakina ba."

Muciya ta tsaya cak.

Mama ta ce, "Wace Mama?"

Na ce, "Ke mana. Guda nawa gare shi?"

Duk muka juya muka kalli Baffa. Ya gyara zaman hularsa, ko kunya babu. Ya ce, "Nyaseme," don haka kowa ke kiran Mama tunda daga Seme aka auro ta, "kin ga kanki kuwa lokacin zazzaɓin nan na damina? Ko kunu ba ya wucewa. Wasiƙar ƙasa wata biyu take yi a hanya. Na zauna na auna, na ga kafin ta isa maganar ta zama gaskiya. Wannan shi ake kira tsari a gidan soja."

"Ka kashe ni a takarda?"

"Ke kika ɓata tsarin."

"Da na warke?"

"Ba ki sanar da kowa ba, kawai aka ga kin tashi."

Da na bar su, da an yi jana'izar gaske a ranar. Amma idona ya riga ya gangara ƙasan takardar. Yaya ya ce wa'adinsa ya cika, ana shirin sallamarsu, sai dai ana neman masu tafiya Bama, can ƙetaren teku, shekara uku. Tunda ba uwa a gida, ranar ɗaya ga wata zai dangwala yatsa ya tafi. Samari huɗu suka je Bama daga yankinmu, ba wanda aka ƙara jin duriyarsa.

Na duba kwanan watan da ke sama. Kwana takwas wasiƙarsa ta yi, don ta jirgi ta zo. Saura kwana goma sha tara ya dangwala. Ke nan tamu sai ta tashi cikin kwana goma sha ɗaya, in ba haka ba sai dai ta tarar da gadonsa wayam. Gidan waya yana Kisumu, tafiyar kwana uku a ƙafa.

Na ce, "Mama, mu rubuta yanzu, Baffa ya kama hanya gobe."

Baffa ya yi wata dariya ta tausayi. "Ni? A ƙafa? Yarinya, jirgin wasiƙar soja yana bi ta saman kan nan naki duk Talata da Juma'a, ya miƙe arewa, Habasha kai tsaye. Wa kike jin ya tsara musu hanyar? A bakin daga ni nake zama da manyan hafsoshi, taswira a gaba, shayi a gefe. Ko Janar in zai aika wa matarsa takarda sai ya ce, a tambayi Onditi. Ranar Talata jirgin nan zai ɗauki wasiƙarki daga makiyayar garin nan."

Mama ta ce, "Ta yaya, kai da ko kaza ba ka iya kamawa?"

"Sirrin soja ne. Gobe zan faɗa wa kowa."

Mu dai muka rubuta tamu a takardar littafin makaranta. Na ce wa Mama ta yaya Yaya zai yarda, tunda takarda ce ta ce ta mutu, yanzu kuma takarda za ta ce ta tashi? Ta ce, "Rubuta. Kai Odera mai kunnen faifai, uwarka ce. Ban mutu ba, kuma ba zan mutu ba sai ka faɗa mini inda ka kai sabuwar fartanyata ana gobe za ka tafi. In ka kuskura ka dangwala yatsan nan, ni zan zo Bama in karya shi." Ta shafa baƙin tukunya ta dangwala nata a ƙasa.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Baffa ya busa usur a gindin ɓaure, ya zana taswira a ƙasa da sanda. Ga mu nan, ga Habasha, tsakaninsu taku biyu. Wani ɗan akuya ya bi ta kan Habasha, Baffa ya ce ba komai, dama an ci garin.

Ya ce za a kafa gora biyu dogaye, a ɗaura igiya daga wannan kai zuwa wancan, a rataya buhu a tsakiya. Jirgi zai sauko ƙasa-ƙasa da ƙugiya a gindinsa, ya fizge buhun ya wuce, ko tsayawa ba zai yi ba. Abu ɗaya ake bukata, alama a ƙasa wadda direba zai gani daga sama: farin gicciye, babba.

"Da hannuna nake shimfiɗa shi a filin jirgi," in ji shi. "Direba na ganinsa ya san Onditi na nan."

Kaka Ajwang, tsohuwar maƙwabciyarmu mai lofe a baki kullum, ta ce, "To jirgin nan yana ɗaukar kifi? Jikana ya ce abincin soja ba ɗanɗano."

Na ce, "Kaka, takarda ɗaya ake sawa, sirirya. Ga ta Yaya ki taɓa, kamar fatar albasa. Har an rubuta a jiki kar a sa komai a ciki."

Baffa ya ce, "Wannan dokar ta farar hula ce. Jirgin da na sani giwa yake ɗauka."

Shi kenan. Kafin Talata buhu ya cika ya batse. Busasshen kifi, garin dawa, ƙullin taba, ƙwaryar man shanu, laya don harsashi. Wata amarya ta sa tabarma. Wani ya kawo kaza da ranta, ya ce in an yanka ta nan za ta lalace a hanya. Wasiƙarmu tana can ƙasa, Baffa ya ɗinke bakin buhun, ya bar wa kazar ƙofar numfashi, ya ce duk wanda ya taɓa, sai kotun soja.

Farin ƙyalle kuwa duk garin babu sai mayafin teburin coci da rigunan baftisma. Malam Yakobo ya ƙi, Baffa ya naɗa shi Kyaftin, ya yarda.

Talata ta zo. Maza shida suka ɗaga buhun suka rataya. Gorar nan biyu suka fara sunkuyowa a hankali, a hankali, kamar masu gaida sarki, har buhun ya zauna daram a ƙasa.

Na ce, "Baffa, ya zauna."

"Yana hutawa ne kafin tafiya."

Sai ga ƙugin jirgi. Can ƙololuwa yake, bai fi ƙuda ba. Baffa ya ƙame, ya sara, ya busa usur har jijiyar wuyansa ta tashi. Ana haka ƙullin igiyar ya kwance ta gefe ɗaya, gora ta miƙe fyau, ta ɗauke masa hular kwano ta jefa cikin garken shanu. Jirgi ya wuce abinsa.

Kaka Ajwang ta ce, "Kofur, hularka dai ta tashi. Kifina yana nan."

Baffa ya ce, "Ba ku san aiki ba. Zuwan farko leƙen hanya ne. Kun ga yadda ya karkata fiffike? Ce mini yake, Onditi, mun gani, sai Juma'a."

Na ce, "Mama, saura kwana takwas. Mu tafi Kisumu."

Ta ce, "Bari a ga Juma'ar. In bai ɗauka ba, da ƙafafuna zan je."

Ranar Alhamis Baffa ya ce sai an yi atisaye. An ninka gorar, uku-uku, buhu ya ɗan ɗago. Tunda ba jirgi, shi zai zama jirgin. Aka ɗaura masa ƙugiyar rataya nama a ƙugu da guntun sanda, ya koma can bakin makiyaya, ya baza hannuwa, yana ƙugi da baki. Mata suka ajiye tulu don kallo. Ya taho a guje, ya shiga ƙarƙashin igiya, ƙugiya ta kama buhu. Buhu bai motsa ba. Baffa ne ya motsa: ƙafafunsa suka yi gaba, shi ya yi baya, wando ya tsaya a jikin ƙugiya. Kazar ta leƙo ta ƙofarta ta dube shi.

Daga kwance ya ce, "Kun gani? Ƙugiya tana kamawa. Abin da muke son tabbatarwa kenan."

Kaka Ajwang ta ce, "Mun ga abin da ya fi ƙugiya. A ba jirgi zani ya ɗaura."

Juma'a ya ce kuskuren Talata ɗaya ne, direba bai san inda zai duba ba, saboda haka sai an yi hayaƙi. Ya naɗa Kaka Ajwang Manjon Hayaƙi. Ita kuwa ta ɗauki muƙamin da gaske. Ta tara ɗanyen ganye da kashin shanu, tuli huɗu, ta cinna. Cikin ɗan lokaci ba ka ganin gicciye, ba ka ganin gora, ba ka ganin wanda ke tari kusa da kai. Muna jin jirgi a sama, ba ma ganinsa, shi ma na tabbata abin da ya gani gobara ce. Sai iska ta kaɗa hayaƙin cikin ɓauren nan, inda ƙudan zuma suka yi shekara uku ba wanda ya dame su.

Ban taɓa sanin Malam Yakobo na iya gudu ba. Manjo ta jefar da lofe ta faɗa rami. Baffa yana gaba da kowa, yana ihu, "Ja da baya cikin tsari! Cikin tsari na ce!"

Da yamma leɓensa ya kumbura kamar ƙodar sa, mayafin coci ya koma launin toka. Malam Yakobo ya kwashe kayansa, ya ce ya ajiye Kyaftin ɗin, ba ya so.

Mama ta ce, "Akumu, ɗaura guzuri. Gobe da sassafe ni da ke."

Da sassafen sama ta ɓalle. Kwana biyu ana ruwa. Da muka isa bakin kogin da ke hanyar Kisumu, ya cika ya haura, har bishiyar da ake ɗaure kwalekwale ta nutse. Mai fito ya ce ko uwarsa ce ba zai ƙetare da ita ba sai bayan mako. Mama ta tsaya tana kallon ruwan. Muka dawo. Saura Talata ɗaya, kuma ba abin da muke da shi sai Baffa.

Shi kuwa ya samu sabon tsari. Ya fara zana gicciyen da garin rogo, awaki suka lashe. Sai ya sa duk garin ɗebo duwatsu daga tudu, manya-manya, aka shafe su da farar ƙasa, aka jera daga wannan kusurwa ta makiyaya zuwa waccan, aka gicciya. Ya ce wannan ko daga London za a gani.

Talata ƙasa ta yi laushi, gora ta ƙi tsayawa. Gefe ɗaya aka ɗaure a kututture. Ɗaya gefen Baffa ya kawo igiyar ta kan gora ya ɗaure a ƙugunsa, ƙulli uku, ya jingina baya yana ja.

Mama ta ce, "Onditi, kwance igiyar nan daga jikinka."

"Nyaseme, hafsa ba ya barin bakin aikinsa."

Sai muka ji shi. Amma yau ƙugin daban ne. Yana yi yana tari, kamar Kaka Ajwang da safe. Ya ɓullo ta kan tudu, ƙasa-ƙasa, baƙin hayaƙi na bin sa, har muna ganin kan direba.

Baffa ya daka tsalle. "Kun gani! Kun gani! Wa ya ce ƙarya nake? Akumu, ki rubuta wannan!"

Na rantse har ni na fara yarda. Na ce ashe dai.

Jirgi ya zagaya makiyaya. Direba ya fito da hannu yana kaɗawa da ƙarfi, irin yadda ake korar kaji daga shanya. Baffa ya ɗaga nasa. "Gaisuwa yake! Ya gane ni! Lafiya lau, Bwana, ranka ya daɗe, ya hanya?"

Ya sake zagayowa, ya ƙara yin ƙasa, hannun na ta kaɗawa.

Na ce, "Baffa, ba na ganin ƙugiya."

"Tana ciki. Sai an zo dab ake fito da ita, saboda ɓarayi."

Zagaye na uku injin ya yi shiru ɗif. Farfela ta tsaya. Jirgi ya taho ba sauti, ya tsallake duwatsun nan da ƙyar, ya nufi gonar dankalinmu. Ƙafarsa ta kama igiya.

Abin da na gani kenan: Baffa yana tsaye yana sarawa, sai kuma babu shi. Kututture ya tumɓuke. Buhu ya tashi sama ya fashe, kifi ya zubo kamar ruwan sama, garin dawa ya turnuƙe, kazar nan ta samu tafiyar jirgin da aka yi mata alkawari, ta sauka kan rufin coci. Baffa kuwa yana biye da jirgi a kan cikinsa, yana tsallake kunyar dankali ɗaya bayan ɗaya, kowace kunya da nata ihun. Jirgi ya gangara fadama, ya dasa hanci a laka ya tsaya. Baffa ya wuce ta ƙarƙashin fiffike, ya shige lakar har kafaɗa.

Sai muka ji murya daga cikin laka: "Na kamo shi! Ku shaida, ni na kamo shi!"

Ƙofa ta buɗe. Wani Bature ja kamar gauta ya diro yana zagi da yarensu, ba sai an fassara ba. Bayansa wani baƙin soja, dogo, igiya uku a hannun riga, ya ce sunansa Saje Wambua, shi ke kula da inji da buhunan wasiƙa. Ya tambaya da Sawahili, wane mahaukaci ne ya zuba duwatsu a fili ɗaya tak da jirgi zai iya sauka a duk yankin nan?

Hannu ya fi hamsin ya nuna laka.

Aka jawo Baffa. Ya tsaya yana ɗiga, ya sara. "Kofur Onditi, mai tsara wasiƙun sama, ina..."

Saje ya matso, ya sa yatsa ya share masa laka daga fuska. Sai ya riƙe ciki yana dariya.

"Onditi Mai Awaki! Kai ne? Bwana, zo ka gani, Mai Awaki ne!"

Mama ta ce, "Ɗana, ka san shi?"

"Wa bai san shi ba, Mama? Shi ke korar mana awaki daga filin jirgi."

Baffa ya ce, "Wannan aikin ɓoye kama ne. Da rana awaki, da..."

Kaka Ajwang ta ce, "To shayin da Janar fa?"

Saje ya ce, "Yana wanke kofin, in an gama."

Na kutsa gaba na ce, "Gicciyen fa? Ya ce da hannunsa yake shimfiɗawa."

"Gaskiya ya faɗa, 'yar nan. Duk ranar da fili ya lalace, ko awakinsa suka fi ƙarfinsa, sai a ce Onditi, je ka shimfiɗa gicciye. Ma'anarsa, kar ka sauka nan, yi gaba. Mako guda muna wucewa muna mamaki, wane gari ne wannan da ke ta korarmu alhali ba mu ce za mu zo ba."

"Ƙugiyar fa?"

"Ta wani ƙaramin jirgi ce daban, kuma takarda ɗaya yake fizga, cikin 'yar jaka kamar ta taba. Mu ba mu da ƙugiya." Ya kalli kifin da ke manne a fiffike. "Ya faɗa muku dalilin da aka sallame shi? Barci ya yi a inuwar jirgi, awaki suka cinye buhun wasiƙun kamfani guda."

Dariyar da aka yi, har Baturen ya daina zagi ya tsaya kallo. Ni ban yi ba. Ina cikin laka har gwiwa ina tona. Na samo wasiƙarmu a ƙarƙashin ƙwaryar man shanu, ta narke, ba harafi ɗaya da ya rage.

Na je gaban Saje na tsaya. Na ga buhunan da suke fitarwa, na karanta abin da ke jikin na sama da ƙarfi, har da lambar rundunar Yaya. Ya juyo.

"Kin iya karatu?"

"Da rubutu. Kuma da sauri." Na zayyana masa komai a numfashi ɗaya: zazzaɓi, tsari, Bama, ɗaya ga wata.

Ya ce, "Ko ta tsira ba zan ɗauki takardar makaranta ba. Shuɗiya kawai ke shiga buhun nan. Doka ce."

Mama ta matso. "Ɗana, kana da uwa?"

"Ina da ita, Mama."

"Tana da rai?"

"Da na baro ta dai."

"To ka gode wa Allah wannan ba baffanka ba ne. Ni nan da kake gani na yi wata uku a kabari ban sani ba."

Saje ya dube ta, ya dubi Baffa, ya sa hannu a aljihu ya zaro shuɗiyar takarda sabuwa, a ninke. "Ta matata ce. Za ta jira wani makon. Ki gama kafin in gama da bututun mai, in ba haka ba mun tafi."

Na ce a raina, yau ga ranar da rashin haƙurina zai yi amfani. Na shimfiɗa takardar a kan fiffike, na rubuta daga ka, kalma ba ta faɗi ba, har da kunnen faifai. Ba baƙin tukunya, sai Mama ta goga yatsa a jikin inji ta dangwala da baƙin mai. Saje ya duba, ya liƙe, ya jefa a buhu a gaban idona. Bai ma fara kwance bututun ba.

Sauran aikin na gari ne. Aka kawo bijimai takwas suka jawo jirgi daga laka da igiyar Baffa, wadda sai yanzu ta yi aikin kirki. Duwatsu kuwa Baturen ya ce wanda ya tsara su shi zai kwashe. Baffa ya ce hafsa ba ya dako. Mama ta ɗaga muciya, don da ita ta fito, sai ya tuna cewa a lokacin yaƙi kowa na taimakawa. Mutane suka zauna a inuwa suna tsintar kifi, duk dutsen da ya ɗauka Kaka Ajwang ta sara masa da lofe.

La'asar inji ya tashi. Jirgi ya juya hanci zai ruga, sai ga awakin garin duka sun bazu a tsakiyar fili suna neman ragowar garin rogo.

Saje ya leƙo ya ƙwala kira, "Mai Awaki!"

Ku zo ku ga aiki. Baffa ya busa usur sau biyu, ya yi wani fito, ya zagaya ta hagu yana tafa hannu, kafin ka ƙifta ido awaki saba'in sun jeru a bakin shinge kamar 'yan fareti. Ko ɗaya bai waiwaya ba.

Kaka Ajwang ta ce, "Ashe da abin da ka iya."

Jirgi ya ruga, ya ɗaga, ya miƙe arewa.

Kwana ashirin ba na ci ba na zama. Na karanta gwangwanin kananzir ya fi sau ɗari. Ranar da shuɗiyar takarda ta zo ban jira ɗan saƙo ya iso ba, a hanya na tare shi. Na karanta a tsakar gida, Mama na tuƙi, Baffa na zaune a kujerarsa da sabuwar hula.

"Mama, wasiƙarki ta same ni ana gobe dangwale. Tun daga layin farko na san ke ce, don matattu ba sa tambayar fartanya. Ban dangwala ba. Ina tafe bayan girbi."

Mama ta juya baya, wai hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Baffa ya miƙe ƙafa. "To. Wa ya ce jirgi zai ɗauki wasiƙa daga makiyayar garin nan? Ya ɗauka ko bai ɗauka ba? Tsari kenan. Duwatsun, igiyar, duk cikin lissafi suke."

Na ce, "Da saura layi ɗaya. Yaya ya ce fartanyar kuwa, Baffa ne ya karɓa, ya ce zai ajiye miki."

Mama ta juyo a hankali. Idonta ya bushe sarai.

"Akumu, ɗauko takarda. Rubuta wa yayanki Baffansa ya rasu."

"Mama, ai ga shi zaune."

"Ta ƙasa za mu aika, wata biyu take yi a hanya." Ta zaro muciya daga tukunya. "Na zauna na auna. Kafin ta isa, maganar ta zama gaskiya."

Kafin in samo fensir kujerar ta zama wayam. Hular ce kawai ke juyi a ƙasa, awaki na darewa a bakin shinge.